Malam Illa da Sunan da Ya Sauko Bene Shida

Ƙarfe shida da kwata na kowace safiya, a wani ɗaki mai taga ɗaya a unguwar Liwan ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin, Malam Illa yakan naɗe dardumarsa, ya kurɓi ruwan zafi da citta, ya gyara murya sau biyu, sannan ya kusanto da waya bakinsa kamar mai shirin gaya mata asiri. Ba asiri ba ne kuwa. Kafin rana ta haska gilasan dogayen benaye, abin da ya faɗa ya shiga kunnen mutum sama da ɗari huɗu.

"Salamu alaikum jama'ar Gwanzu, na Kano da na Maraɗi da na tsakani. Illa ne. Ku saurara. Yau Talata. 'Yan ƙwallo, atisaye ƙarfe biyar, kuma wanda ya tahi da abin hura ƙwallo ya maido shi, mun san shi, kunya ta hana mu faɗi. Matan lambu, kuɓewar kan bene ta isa tsinka, a zo da kwando. Makarantar Asabar tana nan, a turo yara da wuri. Wani bawan Allah ɗan Gaya ya sauka jiya, in akwai ɗan Gaya mai ji na, ya neme shi ya nuna mishi inda ake cin tuwo."

Hausawan Guangzhou ƙauye ne guda, sai dai ƙauyen da aka ɗebo aka watsa cikin birni mai miliyoyin mutane. Wani yana Liwan, wani yana can Baiyun wajen filin jirgi, wani a Panyu, tsakanin wasu da wasu tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ƙauye ne marar dandali, marar inuwar da dattawa za su shimfiɗa tabarma. Shekara goma sha tara, muryar Malam Illa ita ce dandalin.

Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa. Sana'arsa ɗinkin buhu ce a wani ɗakin ajiyar kaya, da basilla da zare, tun safe har la'asar. Mahaifinsa ne mai shelar kasuwa a Tasawa, shi kuwa ya taho Sin da abu biyu, hannu mai ɗinki da maƙogwaro mai kaiwa nesa. Kafin a sami waɗannan wayoyi, da ƙafa yake yi, shago shago, bene bene. Ƙarshen watan nan zai koma gida, gwiwoyi sun ce sun gaji, jikoki kuma sun ce sun gaji da ganinsa a hoto. Shi ya sa ya zama dole a faɗi abin da ya yi tun yana nan, tun kunnensa yana iya ji, ko da zai sunkuyar da kai ya ce an cika surutu.

Tsofaffin zama sun san yadda ƙwallon Lahadi ya samo asali. Babu ƙungiya, babu fili, babu riga, Malam Illa ya bi shaguna yana cewa, "Lahadi akwai ƙwallo." Aka ce ina? Ya ce a zo dai. Mutum tara suka zo, suka tarar da shi tsaye a gefen wani wurin shaƙatawa da ƙwallo ɗaya a hammata. Yau ƙungiya biyu ce, ta Kanawa mai koriyar riga da ta mutanen Nijar mai ruwan goro, kuma kofin da suke bugawa duk shekara ya fi komai tayar da jijiyar wuya a garin nan. Lambun mata ma haka. Hajiya Jumai, Bakanuwar nan mai gidan abinci, ta taɓa cewa a gabansa kewar ɗanyar kuɓewa irin ta gida za ta kashe ta. Washegari ya yi shelar duk mai tahowa daga gida ya tuna da matan Gwanzu. Yanzu a kan rufin wani bene akwai kuɓewa da yakuwa da zogale cikin tsofaffin bokitai, har gasa ake yi ta wadda kuɓewarta ta fi tsawo, kuma an taɓa yin wata biyu ana gaba a kan hukuncin alƙalai.

Yana da ƙa'ida ɗaya da bai taɓa karyawa ba: ba ya kiran sunan mutum sai ya haɗa da garinsu, kuma duk yana rubuta su a wani ɗan littafi. Wane ɗan Dakwaro, wance 'yar Bichi. Yakan ce mutum ba ya faɗowa daga jirgi haka kawai, akwai inda ya fito, kuma duk inda ya fito akwai wani a nan da ya san hanyar wurin. Mutane nawa suka gano ɗan'uwa ta wannan hanya, Allah kaɗai ya san adadi.

Malam Illa, kai ne mai tada mu ba da tsawa ba. Kai ne wanda in ya ce "ku saurara," mai lissafin kwantena ya ajiye biro, mai suya ta rage wuta.

Amma abin da za a daɗe ana ba yara labari shi ne abin da ya faru a watan Mayun bana, kuma ya fara ne da kuskuren Malam Illa da kansa.

Akwai wani matashi, Abdoulaziz, ma'aikaci a wani kamfanin aika kaya. Ya kawo matarsa Saffana, 'yar Madarunfa, ya kama musu ɗaki a wani tsohon ƙauye cikin Panyu, hawa na shida, inda babu Bahaushe ko ɗaya kusa. Ya tafi Yamai sabunta takardu da niyyar dawowa kafin ta haihu. Takardu suka maƙale, haihuwa kuma ta zo da wuri, ranar wata Lahadi. Wata ɗaliba mai koyon aikin likita, Rahila, ita ce ta ji ana kiran "wayyo Inna" da Hausa a ɗakin haihuwa, ta leƙa, ta riƙe mata hannu, bayan an sauka lafiya ta kira Malam Illa.

Litinin da safe ya saka a shela: Saffana 'yar Madarunfa, matar Abdoulaziz, ta sami ɗiya mace, suna Lahadi mai zuwa a Panyu. Nan da nan zauren waya ya cika. Barka, barka, Allah ya raya, ga hotunan furanni, ga na jarirai masu dariya. Malam Illa ya ƙirga amsa ta haura ɗari biyu, ya ji daɗi, ya koma kan buhunansa.

Sai ranar Alhamis ya ce wa Hajiya Jumai su je su gano mai jego. Suka hau bene shida yana hutawa a kowane hawa. Da Saffana ta buɗe ƙofa, abin da ya fara lura da shi bakin ƙofar ne. Takalmi ɗaya ne a wurin, nata.

"Ɗiyata, wa da wa suka zo?"

"Ku ne, Baba."

Hajiya Jumai ta ajiye kular da ta riƙo, ta karɓi jaririyar. Kwana huɗu yarinyar nan tana dafa wa kanta ruwan wanka, tana ɗaga tukunya da cikin da bai warke ba. Mai gidan hayar ce kaɗai, wata tsohuwa 'yar Sin da ake kira Ayi Lam, take hawowa da romon kaza, su yi magana da hannu.

Malam Illa ya ce, "Lahadi za a cika gidan nan, in sha Allahu."

Saffana ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Baba, ka bar wahal da kanka. Kowa na da aikinai. Kuma na ji Lahadin nan ta ƙwallo ce, ta kofi. Abdoulaziz ya ce Malam ya raɗa mata suna ta tarho, shi ke nan, ya wadatar. In na yi arba'in in tahi gida. Ni dai abin da ke ci mini rai, in ta girma ta ce, Inna, wa ya zo sunana? In ce mata mi? An ba ta suna kamar ana ɓoye ta."

A jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke dawowa, Malam Illa ya yi nisa cikin tunani. Hajiya Jumai ta san shi, ta ƙyale shi. Abin da yake gani a ransa mahaifinsa ne. Tsohon yakan yi shelar ɓatan akuya a kasuwa, ya yi ta gyaran rijiya a kasuwa, amma suna da ɗaurin aure ba ya barin su a kasuwa. Goro yake ɗauka ya bi ƙofa ƙofa, ya damƙa wa mai gida a tafin hannu. Wanda ya karɓi goron gayyata ya ɗauki alkawari ke nan, ba rubutu, ba shaida, amma in bai zo ba shi da kansa zai riƙa kauce wa hanya. Malam Illa ya san wannan tun yana yaye. Waya ce ta sa ya manta.

"Hajiya," ya ce daga ƙarshe, "ni na yi laihi. Na yi shela na zamna ina ƙirga hure."

"To yanzu fa?"

"Goro za ni kai."

A garin nan goro ba abin da ake tsinta a bakin titi ba ne. Matafiya ne suke riƙo masa tsaraba, shi kuma yana adana shi cikin jiƙaƙƙen tsumman buhu a ƙasan firji, yana ɗan gutsura bayan la'asar. Ya kwance tsumman ya ƙirga, arba'in da ɗaya.

Hajiya Jumai ta riƙe haɓa. "Illa, ƙofa ɗari da wani abu, goro arba'in da ɗaya? Sansanawa za ka ba su su yi?"

"Goro ɓari biyu gare shi, Hajiya. Inda ɓari bai kai ba, akwai wuƙa. Ke dai ki nemo rago."

Juma'a da Asabar, ruwan Mayu yana zuba irin na Guangzhou, wanda laima ba ta yi masa komai sai dai ta raka mutum. Dattijo ɗan shekara sittin da ɗaya ya ɗauki hutun da bai taɓa ɗauka ba, ya sa goro a aljihun gaba, ya shiga gari. An ba shi shawara ya tsaya ƙofar masallaci bayan Juma'a ya raba ya huta. Ya ƙi. Ya ce in ya raba cikin taro kowa zai ɗauka da na kusa da shi ake, shi kuwa so yake mutum ya san ƙofarsa aka zo.

Waɗanda suka gani sun ce abin dariya abin tausayi. Ya shiga shagon wani Alhaji mai kayan waya, Alhajin ya tare shi da fara'a. "A'a, Malam Illa! Ai na yi barka a waya, har fure na tura."

"Na gani, Alhaji, huren ya yi kyau. Miƙo hannu."

Kafin azahar labari ya riga shi. Manyan mutane masu kwantena suka riƙa cusa hannu a aljihu in sun hango shi, domin sun san abin da karɓa take nufi. Wani ya shige bayan kwalaye, ya bar ma'aikaciyarsa 'yar Sin tana cewa, "Lawban meyo, lawban meyo," wato mai gida ba ya nan, alhali ga takalminsa ga shayinsa yana tururi. Malam Illa ya ce mata shiye-shiye, wato na gode, ya jawo kwali ya zauna, ya fara ba ta labarin Tasawa da guntun Sinancinsa. Minti ashirin mai gida ya fito yana dariya yana share gumi, hannu a miƙe. "Ba ni, Baba Illa, ba ni, kafin zafi ya kashe ni a bayan kayan nan."

Ko Ayi Lam ba ta tsira ba. Ya koma Panyu ya ba ta kwatan goro. Ta jefa a baki ta tauna, fuskarta ta tattare wuri guda, ta yi ta faɗa da harshenta tana nuna shi da yatsa. Ya fahimtar da ita cewa tunda ta ci, dole ta zo. Tsohuwa ta ce ita gidanta ne, ina za ta? Amma mutum nawa za su zo? Ya ce da yawa. Ta dube shi, ta ɗauki laima ta tafi ta sanar da masu kula da unguwa da kanta, don kada taro ya zo musu ba zato.

Saura babban dutse. Wasan ƙarshe na kofi ranar Lahadi ne ƙarfe takwas na safe, a wani fili a Baiyun da aka kama tun wata uku da suka wuce. Baiyun tana arewa, Panyu tana kudu. Suna kuma da hantsi ake yi. Dokar kofin a fili take, su da kansu suka kafa ta: ƙungiyar da ba ta fili ƙarfe takwas da kwata ta ba da kofi. Kuma inda 'yan ƙwallo suka nufa, nan rabin gari yake nufa, da goro a cikinsu ko babu.

Asabar da yamma ya isa filin. Ƙungiyoyin biyu suna atisaye, kowace a nata gefen, ba mai kallon wani. Ya tsaya a tsakiya ya aika a kira masa kyaftin biyu, Zayyad ɗan Fagge na Kanawa, da Moussa ɗan Maraɗi. Muryarsa ta riga ta fara dushewa. Goro ɗaya ya rage masa, cikakke, ya ɓoye shi tun jiya.

Zayyad ya sosa ƙeya. "Baba Illa, wallahi ni ba matsala. Amma mu kwashi jiki mu tafi Panyu, mutanen nan naka su lallaɓo su tsaya a fili takwas da kwata su ɗauke kofi a ɓagas? Mun san hali."

"Kai, ji shi!" in ji Moussa. "Mu da munka zuba muku ukku bara, mu za mu saci kofi? Hanyar gudu dai kake nema, Bakano, ka samu."

"Ukun da biyu daga ciki satar gida ce?"

"Alƙalin ma ɗan garinku na!"

Malam Illa ya bar su suka yi mai isarsu. Sannan ya ciro goron, ya sa farce ya raba shi biyu, ya ɗora ɓari a kowane tafi, ya miƙa hannu ɗaya gabas ɗaya yamma.

"Ɗiyar nan," ya ce, da ƙyar ake jinsa, "uwatta 'yar Madarunfa ce. Wadda ta riƙe hannun uwar a asibiti 'yar Zariya ce. Ragon sunanta Bakanuwa ta nemo shi. Ku gaya mini rigar da za ta sa, koriya ko ruwan goro, in san wanda zan roƙa."

Ya tsaya haka, hannuwa a miƙe, ruwa yana bin gemunsa yana ɗiga. Samari sama da talatin suka daina buga ƙwallo. Dattijon bai sauke hannu ba. Zayyad yana kallon Moussa, Moussa yana kallon Zayyad, kowa ya ƙi zama na farko, kowa kuma ya kasa jure kallon hannun nan. Sai mai tsaron gidan Kanawa ya ɗaga murya daga baya. "Don Allah ku ɗauka tare! Zan ƙirga. Ɗaya, biyu, uku!"

Suka ɗauka tare. Suka tauna suna harare-harare.

Kai ne ka tsaya cikin ruwa da ɓarin goro biyu har girman kan samari ya narke. Ba ka yi wa'azi ba, ba ka kunyata kowa ba. Hannu kawai ka miƙa, ka ƙi saukewa.

Lahadi da asuba Malam Illa ya kurɓi ruwan citta, ya gyara murya sau biyu, ya danna waya. Babu abin da ya fito sai iska. Ya sake. Iska. Kwana biyu na ruwa da magana sun tafi da muryar. A karo na farko tun da ya fara shela ta waya, shida da kwata ta yi ta wuce, wayoyin Hausawan Guangzhou shiru. A ranar da ya fi bukatar ya ce "ku saurara," ranar ce aka hana shi. Bai da sauran abin yi. Goro ya riga ya fita hannunsa.

Kafin takwas yana bakin lungun su Saffana, shi da Malam Sharif, malamin makarantar Asabar wanda zai yi addu'a. Hajiya Jumai da mata uku suna tsakar gidan Ayi Lam suna hura wuta ƙarƙashin tukwanen da suka isa ciyar da mutum ɗari biyu. An yanka rago tun da sassafe a wurin wani mahauci Musulmi ɗan Sin. Ruwa ya ɗauke. Lungun fayau, sai wani tsoho mai keke da kejin tsuntsu.

Takwas ta yi. Takwas da minti goma. Malam Sharif ya duba agogo ya mayar aljihu a hankali don kada a gani. Can sama, hawa na shida, labulen taga ya motsa, ya koma. Malam Illa ya gani. Ya san wadda take leƙe, ya san abin da take ƙirgawa.

Sai aka ji kamar ana zubar da tsakuwa a kan kwano. Takalman ƙwallo ne a kan siminti.

Koriyar riga ce ta fara shawo kwana, sannan ruwan goro, a cakuɗe, suna musu tun daga tasha. Bayansu Alhajin fure da babbar riga. Bayansa mai ɓuya bayan kwalaye, ɗauke da katan ɗin lemo a ka. Matan lambu da kwandunan yakuwa. Yaran makarantar Asabar riƙe da hannun iyayensu. Rahila da farar rigarta, daga asibiti kai tsaye. Wasu goro ne ya kawo su. Wasu kuwa, daga baya suka faɗa, shirun shida da kwata ne ya fito da su ba ko karyawa, domin sun ce in Illa ya yi shiru to lallai wani abu ya same shi, kuma sun san inda za a same shi. Tsohon mai tsuntsu ya jingine kekensa ya tsaya kallo. Ayi Lam ta fito da faranti cike da dafaffen ƙwai da aka rina ja, irin yadda suke yi wa jarirai a al'adarsu, tana bin baƙi ɗaya ɗaya tana damƙa musu a hannu, ko ba a fassara ba kowa ya gane ramuwar goro take yi.

Ɗakin Saffana mutum goma ya ɗauka. Sauran suka tsaya a matakala, kafaɗa da kafaɗa, daga hawa na shida har ƙasa, har tsakar gida, har lungu. Aka jingina waya a kan tebur, Abdoulaziz yana kallo daga Yamai, yana ta share ido da hular kansa. Malam Sharif ya yi addu'a, aka shafa. Ya karɓi sunan daga bakin uban, ya juya ya raɗa wa Malam Illa a kunne, domin a al'ada mai shela ne yake ɗaga sunan jama'a su ji.

Malam Illa ya miƙe. Ya cika ƙirji. Ya buɗe baki.

Babu.

Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, abin da ya fito bai kai ƙofa ba. Mutumin da ya kira sunan kowa a garin nan, da na garinsu, ya kasa kiran suna ɗaya da ya yi kwana biyu cikin ruwa dominsa. Idonsa ya kawo ruwa.

Zayyad ne a bakin ƙofa. Ya sunkuyo ya kawo kunnensa daidai bakin dattijon. "Faɗa mini, Baba."

Malam Illa ya raɗa masa.

Zayyad ya juya ga wanda yake matakalar ƙasa da shi, Moussa ne kuwa, ya ce da ƙarfi, "Sunanta Ruƙayyatu, 'yar Panyu!"

Moussa ya leƙa ƙasa ya kwarara, "Ruƙayyatu, 'yar Panyu!"

Hawa na biyar suka karɓa suka miƙa. Na huɗu suka ƙara murya. Kafin sunan ya kai hawa na biyu bangon benen yana amsawa, da ya faɗo tsakar gida Hajiya Jumai ta saki muciya ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta buɗe tagogi, lungu gaba ɗaya ya ɗauka, maza da mata da yara, har Ayi Lam tana gwada faɗa tana tuntuɓe a tsakiya. Sunan ya sauka bene shida a bakin mutane, sannan ya tashi daga titi ya koma sama ya shiga ta taga.

Saffana tana tsaye a tagar, labule a yaye, jaririya a kafaɗa. Ba ta ɓoye hawayenta ba. Ta juyo ta ce, "Baba, in ta tambaye ni wa ya zo sunanta, ka bar mini littafinka na sunaye. Ba ni iya riƙe su duka da ka."

An buga wasan kofi a ranar, da la'asar, a wani filin siminti na ƙauyen kusa da tafki, bayan Ayi Lam ta shawo kan masu filin. Ƙwallo ta faɗa ruwa sau huɗu. Kanawa sun ce sun ci biyu da ɗaya, mutanen Nijar sun ce ta biyun ta bayan raga ta shiga, tunda ragar takalma ce aka jera. Har yau kofin yana gidan abincin Hajiya Jumai, ta ce ba mai taɓa shi sai sun daidaita.

Saffana ta yi arba'in ba ta tafi ba. Abdoulaziz ya dawo bayan mako biyar ya tarar 'yarsa tana da kawunnai fiye da yadda zai iya gaisarwa a wata guda. Kuma daga ɗaya ga watan gobe, in shida da kwata ta yi, muryar da za ta ce "ku saurara" ta 'yar Madarunfa ce. Malam Illa ya ba ta littafinsa na sunaye da garuruwa, ya ba ta tsumman goro, ya ce littafin na waya ne, tsumman na ƙafa, kada ta yarda ɗaya ya sa ta manta ɗaya.

Malam Illa ɗan Tasawa, mai basilla da rana, mai murya da safe, mun gode. Mun gode da safiya dubu bakwai da ka tashe mu muna mutane, ba baƙin da suka haɗu a layin awon kaya ba. Mun gode da gwiwoyin da ka ƙarar a matakalanmu. Ka zo ka tarar da mu a warwatse, za ka tafi ka bar mu gari, mai ƙwallo, mai lambu, mai makaranta, mai gardamar kofi. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa jikokinka su gaji maƙogwaron da zuciyar tare, ya sa ranar da za a kira sunanka a inda ya fi nan a kira shi da babbar murya.

Mu kuma da muka rage, ga abin da ya bar mana. Gobe ko jibi za a sake cewa wance ta haihu, wane yana kwance, wani ya sauka bai san kowa ba. Yatsa zai yi saurin neman hoton fure. A tura, ba laifi. Amma bayan an tura a nemi takalmi. Akwai wata ƙofa a wani hawa na shida da takalmi ɗaya ne a bakinta, kuma Malam Illa ya nuna mana hanyar.